Begum Rokeya, matar da ta sa maza a kulle

Yau shirin namu zai yada zango ne a yankin Bengal, inda a shekarar 1905 wata baiwar Allah ta ɗauki alƙalami ta sa maza duka a kulle.

Kada hankalin iyayenmu maza ya tashi, a takarda ne. Cikin labarinta mai suna Mafarkin Sultana, maza ne a cikin gida suna girki da rainon yara, mata kuwa su ke riƙe da ƙasa, suna tara zafin rana su yi aiki da shi, suna tatso ruwa daga gajimare.

Sunanta Begum Rokeya. An haife ta a 1880 a ƙauyen Pairaband, cikin Bangaladash ta yau, a gidan masu hali inda ba a yarda 'ya mace ta yi boko ba. Sai dare ya raba, gida ya yi barci, yayanta Ibrahim ya zaunar da ita ya koya mata Turanci.

Mijinta Sakhawat Hossain ya rasu a 1909, ya bar mata kuɗi don karatun 'ya'ya mata. Ta buɗe makaranta a Bhagalpur da ɗalibai biyar kacal. A 1911 ta mayar da ita Kalkata.

To, a nan ne aikin yake. Gida-gida ta riƙa bi tana lallashin iyaye, sanye da lulluɓinta, tana yi musu alkawarin ba namijin da zai ga 'ya'yansu a hanya. Motar makarantar aka rufe ruf, ko iska ba ta shiga sosai. Ita da kanta ta rubuta cewa da aka fara ɗaukar yara a ciki, wasu suka yi ta amai, wasu suka suma. A ganinmu, wannan haƙuri da ta yi da iyaye ya fi rubutun wuya.

A 1916 ta kafa ƙungiyar mata Musulmi mai taimakon zawarawa da koyar da matan talakawa karatu. Ta rasu ranar 9 ga Disamba, 1932, kuma duk shekara a wannan rana gwamnatin Bangaladash kan ba wasu mata lambar yabo mai ɗauke da sunanta.