Dokin laka da tarihin Rabe: Wane ƙarfi ya dace da kowane jarumi?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Mindif ranar Juma'a, musamman a ƙarshen damina lokacin dashen masakwa, ba zai rasa ganin yara a bakin kududdufi suna gina shanu da dawakin laka ba. A ɗora wa doki mahayi, a soka masa ƙayar aduwa a matsayin mashi, a shanya a rana, da la'asar kuma a ja daga. Mu ma da wannan wasa muka tashi, kuma kamar yadda mai karatu ya sani, ba a cika tashi lafiya ba. Da zarar wani ya ce dokinsa Rabe ne, don haka ba ya mutuwa, sai gardama ta kaure, wanda ya fi ƙarfin damtse shi ne mai gaskiya.

To, wannan gardama da muke ɗauka shirmen yara ce, a wasu ƙasashe manya ne ke yin ta, har da takarda da alƙalami. Tun a shekarar 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga ɗan littafi na dokokin yaƙi da sojojin wasa. A yau akwai kamfanin Games Workshop da ke birnin Nottingham, wanda ke ƙera 'yan mutum-mutumi da ba su kai tsawon yatsa ba, kuma a 2001 ya fito da wasan da aka gina a kan labarin The Lord of the Rings na Tolkien. Kowane jarumi yana da lambobinsa a rubuce: nisan tafiyarsa, ƙarfin saransa, kariyarsa da kuma jarumtarsa, ɗan lido kuma shi ke raba gardama. Bugu da ƙari kowanne yana da farashi na maki, wato idan ka ɗauki jarumi mai tsada dole ka rage yawan dakarunka. Wannan kam ba sai an yi wa ɗan kasuwa bayani ba.

Masu sha'awar wasan sukan ƙara wasu jarumai da kamfanin bai fitar ba, su rubuta musu dokoki da kansu. Sharaɗin da suke tsare juna da shi kuwa shi ne, duk ƙarfin da ka ba jarumi sai ka nuna inda labari ya faɗe shi, kuma rauninsa ma sai ka rubuta. Mu a ganinmu wannan sharaɗi ne ya kamata matasanmu su ara, don jaruman dai muna da su, kuma a ƙasar nan da muke takawa suka yi yaƙoƙinsu.

Bari mu fara da Raben da kowane yaro ke so. Mutumin Sudan ne, ya yi aiki a ƙarƙashin Zubairu Rahama kafin ya yi yamma da rundunarsa, ya ci Borno a 1893, aka ƙone Kukawa, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. Abin da ya ba shi nasara shi ne bindigogi da horo. Ya kasa sojojinsa tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta, kuma idan ya sauka sai ya yi kafi ya jira abokan gaba. Saboda haka dokar da ta dace da shi ita ce 'yan bindigarsa su yi harbi tare, su kuma fi wuyar karyawa idan suna bayan kafi. Amma batun cewa ba ya mutuwa, wannan Kusiri ta riga ta amsa shi: ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka kashe shi a can, kwamandansu Lamy ma ya mutu a wannan karo, shi ne aka sa wa Fort-Lamy sunansa, birnin da ya koma N'Djamena a 1973. Raunin da za a rubuta masa ma a fili yake. Mutum ne da ya rayu da hari da kamun bayi, don haka a wasa bai kamata ya sami taimakon ƙauyukan da ya ratsa ba. Wanda ke zama rumfa ɗaya da Barebari da Kotoko ya san cewa sunan ba daɗi yake yi wa kowa ba.

Na kusa da mu shi ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda, wajen Bogo, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan. Kuskure ne a gina shi a matsayin gwanin sara da suka. Ƙarfinsa jama'a ne, malami ne da mutane suka riƙa barin garuruwansu suna komawa wurinsa, har ya taɓa karya rundunar Lamiɗon Adamawa Zubairu. Dokarsa ke nan: a kowane zagaye yana iya janye wani daga cikin dakarun abokin karawa. Rauninsa kuwa ƙawancen da ya ƙulla da Rabe, har ya auri 'yarsa Hauwa, ƙarshe dai Fadlallah ɗan Rabe ne ya kashe shi a 1898 sa'ad da ya nemi ficewa daga Dikwa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen barade. Lifidi da sulke da kwalkwali suna tare kibiya, wannan gaskiya ce, sai dai nauyinsu na gajiyar da doki, kuma harsashi ba ruwansa da su. Lamiɗo Zubairu, bayan Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, ya ƙetaro nan ya kara da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, sannan a Marwa a watan Janairu na 1902, inda dawaki suka yi ta afka wa bindiga mai ruwa ta Hans Dominik. Jarumta an nuna ta, gawarwaki kuma sun zuba. Yaran za su ce ai kakanni sun faɗa cewa mayaƙan suna da layu da guraye, me za a yi da wannan ɓangare na labari? Ba mu ce a share shi ba, don yana cikin abin da aka gada. Wurin da ya dace da shi shi ne lambar jarumta: mai laya ba ya gudu da wuri, amma idan ɗan lido ya nuna harsashi ya same shi, to a kwantar da dokinsa kamar na kowa. A jihar da tun 2014 ta ga abin da ruɗin matasa da makami ya jawo a Kolofata da Fotokol da Amchide, ba ma ganin hikimar a koya wa yaro cewa akwai jikin da bindiga ba ta ci, ko da a wasan laka ne.

Kada kuma a zarce a ce bindiga ce komai. A 1823 Baturen Ingila Denham ya bi wata rundunar Larabawa masu bindiga da mayaƙan Borno da na Mandara zuwa wani garin Fulani a kudancin Mandara, ya ga yadda 'yan baka da ke bayan shinge suka tarwatsa su, jagoran Larabawan, Bu Kulum, ya mutu da dafin kibiya. Bindigar toka tana cin lokaci kafin a sake ɗura ta, don haka a wasa ta huta zagaye ɗaya bayan kowane harbi. Haka nan wuri yana da nasa hukuncin. A sa dutse a tsakiyar fili ya tsaya a madadin Haƙorin Mindif ko duwatsun Mandara, doki ba ya hawa, mai baka yana hawa.

Ga 'yan kasuwa, kayan aikin duk suna rumfunanku. Ɗan lido kuna sayarwa, sojojin roba na Sin kuna sarowa, masu ginin tukwane kuma za su iya gasa dawakin don kada su farfashe. Abin da ya rage shi ne takardar dokoki guda ɗaya, da Hausa da Fillanci da Faransanci.

Akwai dai giɓin da mu ba za mu iya cikewa daga littafi ba. Littattafai sun cika da sunayen lamiɓe da kwamandojin Turawa, alhali kuwa Giziga da Tufuri da Mundang da mutanen kan dutse, waɗanda dawakin suka riƙa kai wa hari, su ma suna da jarumansu da dabarunsu na sarƙaƙƙiya da fadama. Ku da ke cin kasuwannin Kaele da Yagwa da Mokolo, idan kun zauna da dattawan can, ku tambayo mana sunayen da abin da aka san kowanne da shi, ku aiko mana ta ofishin wannan jarida.