Taga a Jikin Dabba Mai Rai

A da, in masana suna son duba naman dabba da madubin likita, sai su kashe ta, su yanko ɗan siriri su rina. Abin da aka gani ke nan a tsaye; yadda ya soma da inda ya nufa, sai ƙiyasi.

A 1924 Sandison, wani mai bincike a Amurka, ya huda kunnen zomo ya dasa ’yar taga garau. Kullum sai a sa kunnen ƙarƙashin madubi, a ga jijiyoyin jini suna tohowa, mako bayan mako, zomon kuwa na nan da ransa. A 1943 Algire ya yi wa fatar bayan ɓera haka.

Amma haske ba ya ratsa nama da nisa. Sai a 1990 aka ƙago madubi mai hasken leza a Jami'ar Cornell, wanda kan kutsa kusan milimita guda. Kaɗan ne, amma ga ɓera zurfi ne.

A 2006, a Cibiyar Pasteur ta Faris, aka kalli ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suna yawo cikin fatar ɓera: waɗansu suka faɗa jini, waɗansu kuwa suka ɓuge a kaluluwa, inda galibinsu suka mutu.