A kori koci a tsakiyar kaka, ko a ƙara masa haƙuri?

Ranar 23 ga Fabrairun 2017 ƙungiyar Leicester City ta sallami kocinta Claudio Ranieri. Wata tara kacal kafin nan, wannan dattijo ɗan Italiya ya ɗauki Kofin Firimiya da ƙungiyar da ba wanda ya taɓa sa ta a lissafi. Amma a sabuwar kaka sai tafiya ta dagule. Leicester ta sha kashi sau biyar a jere a gasar, ta gangaro mataki na 17, maki ɗaya ya raba ta da rukunin 'yan dagaji. Da yawa daga cikinmu mun bi wannan labari kamar na gida, domin Ahmed Musa da Wilfred Ndidi suna cikin ƙungiyar a lokacin.

Mutane suka ce an yi butulci. Kwana huɗu bayan korar, Leicester ta doke Liverpool da ci 3 da 1 a ƙarƙashin Craig Shakespeare, wanda shi ne mataimakin Ranieri. Ya ci wasanninsa biyar na farko a Firimiya, ya fitar da Sevilla daga Kofin Zakarun Turai, ƙungiyar kuma ta ƙare kaka a mataki na 12. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce magana ta ƙare, kora magani ce.

Masu wannan ra'ayi ba sa rasa hujja a gidan kallo. Chelsea ta kori Villas-Boas a Maris ɗin 2012, Roberto Di Matteo ya karɓa, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a watan Mayu. Ta sake yin haka a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya gaji Frank Lampard, ya kawo kofin kuma. Akwai ma wadda ta fi yi mana ciwo: Kwaddibuwa ta sallami kocinta ana tsakiyar Gasar Kofin Afirka bayan Equatorial Guinea ta zura mata huɗu, Emerse Faé ya karɓi ragama, ya zo ya doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairun 2024.

To amma mu ɗan dakata mu yi lissafi irin na aji. A ce ɗalibi ya saba cin maki 60 a gwajin lissafi. Wata rana zazzaɓi ya kama shi, tambayoyin kuma suka fito daga babin da bai karanta ba, ya tashi da 30. Gwajin da zai biyo baya, mai yiwuwa ya koma kusa da 60 ɗinsa, ko an canza masa malami ko ba a canza ba. Idan an canza, kowa zai yaba wa sabon malami. Haka abin yake a ƙwallo. Ba a korar koci sai ƙungiya ta kai maƙura wajen lalacewa, lokacin da raunin 'yan wasa, da wasanni masu wuya a jere, da ƙwallon da ke dukan turke ta dawo, suka haɗu wuri ɗaya. Irin wannan hali ba ya daɗewa. Masu rauni za su warke, jadawali zai yi sauƙi, sai sabon koci ya zo ya tarar da girbin da ko babu shi za a yi wani ɓangarensa.

Shi ya sa ya kamata a bi labarin har gaba. Shakespeare da aka yi ta yabo, an kore shi a Oktoban wannan shekara ta 2017. Di Matteo ma bai wuce Nuwamban 2012 ba. Ole Gunnar Solskjaer ya gaji Mourinho a Manchester United a Disamban 2018, ya ci wasanni takwas na farko, aka ba shi kwantiragi na dindindin a Maris, daga nan ƙungiyar ta sake sukurkucewa ta ƙare ta shida. Ita kuwa Watford, koci uku ta sallama a kakar 2019/2020 kaɗai, duk da haka ta faɗi.

Kora kuma ba kyauta ba ce. Dole a biya kocin da aka sallama diyyar kwantiraginsa tare da mataimakansa, a manyan ƙungiyoyi miliyoyin fam ne. Sabon ya zo ya tarar da 'yan wasan da aka saya don tsarin wani, ba shi da lokacin atisaye kamar na kafin fara kaka, wasa na bin wasa kowane mako. United ta kori Erik ten Hag a Oktoban 2024 tana ta 14, ta kawo Ruben Amorim da nasa salon, ta ƙare kakar tana ta 15. Tsofaffin magoya bayanta kan tuna cewa Alex Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗauki ko da kofi ɗaya ba sai 1990. Da an yi masa gaggawa, da ba a ga kofunan Firimiya 13 ba.

Mu dai a ganinmu, teburi kaɗai bai isa a yanke wa koci hukunci da shi ba. A duba ko ƙungiyar tana samar da damar cin ƙwallo amma ba ta shiga, ko kuwa ba ta ma kai wa ragar abokan hamayya. A duba ko 'yan wasa suna gudu saboda shi har yanzu. Idan sun daina jin maganarsa, haƙuri ba zai gyara komai ba, kuma korar mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan sayar da ashirin da biyar.

Sai kuma batun lokaci, wanda kakar 2022/2023 ta nuna shi ƙarara. Everton ta Alex Iwobi ta canza koci tun a Janairu, ta kawo Sean Dyche da sauran wasanni da yawa a gabansa. Leicester ta jira har Afrilu kafin ta rabu da Brendan Rodgers, Dean Smith ya samu wasa takwas kawai. Leeds ma ta ɗauko Sam Allardyce saura wasa huɗu. A ranar ƙarshe Leicester ta doke West Ham 2 da 1, amma Everton ta ci Bournemouth 1 da nema. Everton ta tsira, Leicester da Leeds suka faɗi.