Me ya sa ambaliya ba ta barin ƙasar Haɗeja?

Duk damina, da zarar Agusta ya yi nisa, sai Facebook da TikTok su cika da bidiyon gonakin da ruwa ya shanye a Auyo, Kirikasamma da Guri. Mu rubuta "Allah Ya kyauta" mu wuce. To amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa kullum sai wannan yankin?

Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Kogin Kano da na Chalawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da suka iso gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai suka tarar da ƙasa a shimfiɗe kamar faifai, ga tsofaffin jigayin rairayi da iska ta tara tun zamanin da wurin yake hamada. Ba gangaren da ruwa zai bi da gudu, sai ya rarrabu tsakanin jigayin, ya kwanta a fadamu. Sai wajen Gashuwa yake tattaruwa ya zama Komadugu Yobe, mai zuba a Tafkin Chadi.

Wannan kwanciyar ruwan fa ita ce abincin jama'a: shinkafa, kifi, ciyawar rani ga makiyaya, har da ruwan rijiya. Tsuntsaye ma tun daga Turai suke zuwa Dagona cin rani. A 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Abin ya sauya bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992. Da can kogin kan ƙafe da rani, yanzu kuwa ruwa na bi duk shekara. Nan kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru. Sai ka ga ruwa ya yi wa wani gari yawa, na gaba kuma yana kukan rashinsa. Ga jan-baki da ke ɓuya cikin kachallar, su fito su cinye shinkafa.

Don haka in ɗan takara ya zo da buhun tallafi, a tambaye shi: yaushe za a yashe kogin, a nome kachalla? Kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da wane tsari take sakin ruwan madatsun?