Yarda da Kai ko Girman Kai? Darasi Daga Makarantun Yahudawa

Duk almajirin da ya zauna a zaurukan malaman Madabo, cikin birnin Kano, ya san tawakkali, da ikhlasi, da zuhudu, da muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan kalmomi su ne sunayen babobin wani littafi da Yahudawa ke ji da shi wajen gyaran hali.

Mawallafinsa Bahya ibn Pakuda, alƙalin Yahudawa ne a Sarakusta ta ƙasar Andalus. Ya rubuta shi da Larabci wajen shekarar 1080, ya kasa shi babi 10, ya kuwa ɗebo da yawa daga sufayen Musulmi. Manufarsa ita ce, ibadar gaɓoɓi ba ta cika sai da ta zuci.

A ƙarni na 19 wani malami a Lituwaniya, Isra'ila Salanter, wanda ya rasu a 1883, ya lura ɗalibai na ƙoshi da ilmi amma halinsu na nan jiya i yau. Sai ya kafa tafarkin Musar, watau tarbiyya. Cikin littattafan da ya ƙarfafa karantawa har da na Mendel Lefin na 1808, wanda ya aro tsarinsa daga Benjamin Franklin na Amurka. Mutum zai zaɓi halaye 13, kamar haƙuri da tsabta da gaskiya, ya tsare guda ɗaya tsawon mako, kullum dare ya rubuta inda ya kasa. Kafin shekara ta ƙare ya zagaya kowanne sau 4.

Bayan Salanter, mabiyan tafarkin sun rabu a kan tambaya guda: yaya za a gina mutum ba tare da an cusa masa girman kai ba? Makarantar Nobardok, wadda Yosef Horwitz ya kafa a 1896, ta ce sai an karya zuciya tukuna. An ruwaito ɗalibanta kan shiga kantin magani su nemi ƙusoshi, don a yi musu dariya, har su daina tsoron bakin mutane. Makarantar Silabodka ta Natan Finkel kuwa ta ce a'a, ɗan Adam abin girmamawa ne, wanda ya san darajarsa shi zai ji kunyar aikata ƙasƙanci. Saboda haka ɗalibanta kan yi shiga mai tsabta, su yi tafiya da natsuwa.

Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a wuri ɗaya: wanda ke auna kansa da yabon jama'a bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna. Wannan kuwa ya shafi ma'aikacin da ke sa hannu a takardar da ya san ba daidai ba ce don gudun fushin na sama, ya kuma shafi ɗalibin da faɗuwa jarrabawa ɗaya ta sa ya yanke ƙauna. Mai girman kai so yake a gan shi. Mai yarda da kansa kuwa ya san gwargwadon abin da ya iya da abin da ya rage masa, domin jiya da dare ya ƙirga. Sannu ba ta hana zuwa.