Ƙyanƙyasar Tarwada: Sana'ar da Ilimin Halittu ke Buɗe wa Mai Digiri

Gabatarwa

Kowace shekara jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato wadda aka kafa a 1975, suna yaye dubban ɗalibai, alhali guraben aikin gwamnati ba sa ƙaruwa gwargwadon haka. Matsalar ta daɗe, domin tun a 1986 aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa saboda ita. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa ɗalibai cewa darasin da ake koyo a ɗakin gwaji yana iya zama jari. Misalinmu shi ne ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada a yankin Boɗinga da Shagari.

Me Ya Sa Tarwada?

Tarwada, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, tana da wata gaɓa ta musamman a saman matatar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Saboda haka tana jure ruwan da wasu kifaye za su mutu a cikinsa. Sai dai a kududdufin kiwo ba ta yin ƙwai da kanta; a daji ma sai damina ta kankama, ruwa ya malala cikin fadamu. Wannan ya sa mai kiwo ba shi da makawa sai ya sayi iri. A nan ne mai ilimi yake da abin sayarwa.

Yadda Ake Yi

Da farko a zaɓi macen da cikinta ya cika ya yi taushi, a auna nauyinta. Sai a yi mata allurar sinadarin da ke nunar da ƙwai, kamar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo ɗaya. Bayan kimanin awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a tatse cikinta a hankali cikin busasshen kwano. Namijin kuwa yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa, a gauraya da ƙwan, a zuba ruwa mai tsabta, sannan a shimfiɗa su a kan raga cikin tanki. Mace mai kilo ɗaya tana iya ba da ƙwai sama da 50,000. Idan ɗumin ruwan ya kai digiri 28 zuwa 30, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. Kwana uku na farko 'ya'yan suna rayuwa ne da gwaiduwar da ke manne a cikinsu, daga nan sai a fara ciyar da su.

Inda Asara Take

Allura ba ita ce wahalar ba. Kiyaye ran 'ya'yan shi ne aiki. Ragowar abinci da kashi suna haifar da amoniya, wadda kan iya hallaka tanki guda cikin dare ɗaya, don haka dole a riƙa sauya ruwa. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana jinkirta ƙyanƙyasa, zafin Afrilu kuma yana rage iskar oksijin a ruwa. Bugu da ƙari, tarwada tana cin 'yar'uwarta, don haka wajibi ne a riƙa ware manya daga ƙanana.

Kammalawa

Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ga kuma madatsar ruwa ta Shagari, wato akwai ruwa, akwai hanyar kai kaya kasuwa. Amma kafin matashi ya kashe ko sisi, ya fara zama da masu kiwo ya ji irin da suke bukata da lokacin da suke bukatarsa, ya kuma soma da tanki ɗaya da littafin lissafi, domin da rarrafe yaro kan tashi. Malaman sakandare kuwa, muna roƙonsu da su riƙa kai ɗalibai su ga wannan aiki da idanunsu tun kafin su shiga jami'a.