Riƙon Ma'aikata Ma Jari Ne

A shekarar 1913, kamfanin motoci na Henry Ford da ke Amurka ya ɗauki mutane kusan 52,000 aiki, alhali guraben da yake da su ba su wuce 14,000 ba. Mutane ne ke shigowa, su yi 'yan makonni, wahalar aikin ta kore su, a sake neman wasu a koya musu daga farko. A watan Janairun 1914 sai Ford ya ninka ladan yini zuwa dala biyar, ya kuma rage lokacin aiki daga awa tara zuwa takwas. Ba tausayi kaɗai ya sa shi ba. Lissafi ya yi, ya ga abin da yake asara wajen sauya ma'aikata kullum ya fi abin da zai ƙara musu.

Wannan lissafin shi ne tushen fannin kula da ma'aikata, wanda ya haɗa ɗaukar aiki, albashi, hutu, horo, ladabtarwa da sallama. Da yawa suna ɗauka harka ce ta bankuna da kamfanonin sadarwa. Amma mai gidan burodi, da mai makarantar kuɗi, da ɗan kasuwar da ke da yara biyar a Kantin Kwari, duk suna yin ta kullum, sai dai ba a rubuce ba.

Rashin rubutun nan ne yake haifar da yawancin rigima. A ɗauki yaro a kan amana, a ce masa "za mu riƙa ganinka," ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. Shekaru su tafi, shi yana jiran ranar da za a yaye shi da jari, maigida kuma yana ganin ci da sha da kuɗin mota sun wadatar. Ranar rabuwa kowa na da hujja, babu mai takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa idan ya cika wata 12, ta ba mace mai ciki hutun mako 12, ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin a rabu: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Takarda ba ta rage amana. Tunatarwa ce ga ɓangarorin biyu ranar da mantuwa ko son rai ya shigo.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ke bayan albashi. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa ya koma naira 70,000 a 2024, kodayake dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Batun da ya fi ɗaukar hankali a 'yan shekarun nan shi ne sassaucin lokaci da wurin aiki. Siffofinsa suna da yawa: wani ya zo da sassafe ya tashi da wuri, wani ya yi kwana biyu a ofis sauran a gida, wasu biyu su raba aiki ɗaya. Annobar korona ta 2020 ce ta tilasta wa kamfanoni gwada shi, suka ga aiki bai tsaya ba. A Birtaniya, tun Afrilun 2024 ma'aikaci na da damar neman irin wannan tsari daga ranar da ya fara aiki. A nan gida, jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako a Disambar 2021, jihohin Edo da Kwara kuma suka sanar da rage su zuwa uku bayan cire tallafin man fetur a 2023, don sauƙaƙa wa ma'aikata kuɗin mota. Mu ma ai mun daɗe muna yi ba mu sa masa suna ba: rage awoyi a watan azumi da tashi da wuri ranar Juma'a duk sassauci ne.

Sai dai tsarin ba ya tafiya inda shugaba ba ya iya auna aiki sai da ganin fuska. Wanda ma'auninsa shi ne wa ya riga zuwa, wa ya fi daɗewa a kujera, to ranar da ma'aikaci ya zauna a gida ba shi da abin dubawa. Dole a fayyace: ga abin da ake so ka gama, ga ranar da za ka kawo shi. Sannan a yi adalci. Mai aikin kwamfuta na iya yi daga ɗakinsa, in akwai wuta da data, waɗanda galibi daga aljihunsa suke fita. Mai gadi da mai gasa burodi ba su da wannan zaɓi, don haka su ma a duba musu ta wajen karɓa-karɓa da ranakun hutu.

Horar da ma'aikata kuwa nan ne masu kamfani suka fi noƙewa. Hujjarsu ɗaya ce: in na kashe kuɗi na koya masa, gobe wani ya ɗauke shi. Gaskiya ne, wasu za su tafi. Amma wanda ba a koya wa komai ba shi ne zai zauna, yana lalata kaya, yana korar masu saye. Kuma sau da yawa ba ilimin ne ke sa mutum tafiya ba, ganin babu gaba ne: shekara bakwai a mataki ɗaya, babu ƙarin girma, babu wanda ya taɓa zama da shi ya ce ga inda ka yi kyau, ga inda za ka gyara. Horo ba lallai sai taron bita a otal ba. Haɗa sabo da tsohon hannu, da zagaya da shi sassa daban-daban, da ba shi ƙaramin aiki ya jagoranta, duk ba sa cin kuɗi mai yawa.

Abin da wasu ba su sani ba shi ne akwai hanyar rage nauyin kuɗin horon. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da dokar ta shafa. Kamfanin da ya horar da mutanensa bisa ƙa'idar asusun yana iya neman a mayar masa har rabin abin da ya biya. Mai kamfanin da ke biyan wannan kuɗi duk shekara, ya tambayi akantansa ko an taɓa neman wannan rabin.